Mai Gadin Fakon Aduwa

An haifi Maccido ɗan Mode a wata 'yar tunga kusa da Shinaka, shekara biyu bayan shigar Nasara Sakkwato. Gidansu gidan maharba ne. Ubansa Mode ya koya masa harbi irin na da: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya rufa baƙin zane, ya rarrafa yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar tsuntsun na kiwo, har ya shiga tsakiyar bareyi ba su ankara ba. Daga nan sai kibiya ɗaya. Gwiwoyin Maccido sun yi kanta tun yana saurayi, har ƙaya ba ta shigarsu.

Dajin da suke farauta ana ce masa Fakon Aduwa. Ba nasu ba ne. Na wani gidan malamai ne a Wurno, tun kaka da kakanni, kuma su malaman ba su taɓa kafa fartanya a cikinsa ba, don rabinsa fako ne, sauran kuwa aduwa ce da sabara da farar ƙaya, sai wani tafki a tsakiya da ke riƙe ruwa har bazara. Abin da ke tsakanin gidajen biyu sananne ne. Kowace kaka maharbi zai kai Wurno busasshen nama da fatu uku da aka jeme, malamai su ɗinka gafakar littattafai da su. Ba a harbi da damina, ba a taɓa mai ciki, ba a taɓa mai shayarwa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda.

Da Mode ya rasu, Maccido ya gaji baka da kwari da dajin. Mutum ne marar yawan magana, dogo, mai tafiya kansa a ƙasa, don idonsa ya saba da karatun sawu. Garke bakwai ya sani a Fakon Aduwa, kowanne da namijinsa da hanyar da yake bi zuwa ruwa. Ya auri Bara'atu, 'yar wani manomin albasa daga Kagara, mace mai kazar-kazar da son hira, wadda takan ce ta auri mutumin da ya fi sanin labarin bareyi a kan labarin maƙwabtansa. Ƙanenta Sale ya biyo ta tungar, ya yi aure a nan, ya share gona bayan gidansu. Kurkunu ya taɓa kama Sale a ƙafar hagu, ya bar shi da ɗan jan ƙafa. Da rani su biyun kan zauna a gindin itacen bedi, Sale yana surutu, Maccido yana feƙe kibiya.

Shekarar da Maccido ya cika ashirin da shida, aka aiko masa ya zo Wurno. Ya yi sammako, ya isa bayan la'asar, ya tarar da Malam Abdulƙadiri, babban gidan, zaune a zaure a kan buzu. Gefensa akwai wani mutum mai farin wando da takalmi sau-ciki. Sunansa Yusha'u, tafintan wani kamfani ne na Turawa da ke sayen fatun jar akuya a ƙasar.

Bayan gaisuwa Malam ya ce, "Maccido, Turawan kamfani sun biɗi dajin ga haya, shekara goma sha biyu. Hakimi ya yarda, ni ma na aza hannu."

"Allah shi gafarta Malam, mi za su shibka ga fako?"

"Ba shibka za su yi ba. Harbi su ka so."

Maccido ya ce, "To ni hwa, Malam?"

Yusha'u ne ya amsa. Ya ce an ji labarin ba wanda ya san dajin kamarsa, saboda haka shi za a ba gadi. Za a ba shi riga da lamba da albashin wata. Aikinsa ya hana kowa shiga, in Turawa sun zo kuma ya kai su inda namun suke. Shi kansa ba zai ƙara ɗaga baka ba.

Maccido ya dubi Malam. Malam yana duban tasbaharsa. Aka miƙo masa rigar kaki a ninke, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kwana a zauren, da safe ya kama hanya.

Turawan suka fara zuwa bayan an gama girbi. Su huɗu ne a cikin wata babbar mota marar rufi, da kuku, da tanti, da Yusha'u. Maccido ya zaci za su sauka su bi shi a ƙasa. Sai aka ce ya hau gaba ya nuna hanya. Bai taɓa shiga mota ba. Ya riƙe ƙarfen gefe, ya nuna wajen tafki da haɓa. Garken da suka fara tararwa na wani namiji ne mai karyayyen ƙaho ɗaya, wanda Maccido ya yi shekara huɗu yana bari don ya ga 'ya'yansa suna fitowa da ƙarfi. Bareyin suka ɗaga kai suna kallon motar, ba su san ko mece ce ba. Bindigogi suka tashi gaba ɗaya. Waɗanda suka gudu, mota ta bi su a kan fako, inda babu abin da zai tare ta.

Kafin azahar goma sha ɗaya ne a kwance. Turawan suka auna ƙahoni da wani zare mai lamba, suka sa aka yanke kawunan manyan, suka ɗauki hoto kowa da ƙafarsa a kan nasa. Naman aka rabar a tungar. Ranar kowane gida ya ci nama, mata suna ta sa wa Maccido albarka. Shi kuwa ya zauna a ƙofar ɗaki kunnensa yana ƙugi. Bara'atu ta tambaye shi yadda mota take, ya ce tana da girgiza.

Haka aka yi ta yi, sau uku ko huɗu kowane rani. Wani lokaci sababbin fuskoki, baƙin da aka gayyato daga nesa. A shekara ta uku garke biyar suka rage, kuma sun koyi ƙarar mota, tun tana bayan Goronyo suke watsewa. Sai Turawan suka koma yi musu kwanto a bakin tafki, inda dole su zo. Abin bai tsaya ga Turawa ba. Tayar motar ta buɗe hanya a dajin, masu itace suka bi ta, makiyaya suka bi ta, shanu suka tattake bakin ruwan ya zama taɓo. Daga gefen gulbi kuma gonakin auduga suna ta matsowa, kowace shekara ana cin kamu kaɗan. Mutum ɗaya da sanda ba ya tsare dajin da zagaya shi ke cin yini biyu.

Wata rana, babban Baturen, wani mai jan gashin baki, ya harbe barewa mai ciki. Da aka farke ta, Maccido ya matsa kusa da Yusha'u ya ce, "Malam Yusha'u, gaya mishi a bar matan. In ana kashe matan, baɗi ba a ishe komi."

Yusha'u ya juya ya yi Turanci. Baturen ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Maccido, ya ciro taba ya ba shi. Maccido bai san abin da aka faɗa ba, bai kuma tambaya ba. Ba ya shan taba. Ya sa ta a aljihun rigar, ta farfashe a can.

Da kaka ya je Wurno hannu wofi, babu nama babu fata. Ya ce wa Malam Abdulƙadiri ko za a roƙi Turawa su bar dajin ya huta shekara uku. Malam ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Ya ce takarda ta riga ta ɗaure shi, kuma abin da ake ba su na hayar shi ke ciyar da ɗalibai. Sannan ya jawo wata sabuwar gafaka ya miƙa masa. "Taɓa ka ji. Ta akuya ta. Ba ta kai taku laushi ba, amma tana riƙon littahi."

Maccido ya shafa, ya ce lalle tana riƙo.

Sai fara ta zo. Ta sauka gero yana cikin fitar da kai, ta yi kwana biyu, ta tashi ta bar kara tsaye. Shekara mai bi ma ta dawo. A tungar aka koma cin tafasa da dusa, ana dakan ƙwallon aduwa. Gidan Maccido ne kawai ake ɗora tukunya kullum, saboda albashin gadi. Bara'atu tana ɗiba tana kai wa gidan Sale, amma Sale na da 'ya'ya uku da mata mai goyo, kuma abin bai isa ba.

Cikin wannan rani Maccido ya tarar da zargen igiya a hanyar ruwa, an ɗana shi a tsakanin sabara biyu. Akwai jini da gashi a ƙasa. Akwai kuma sawun mutum, ƙafar dama ta taka sosai, ta hagu ta ja layi a rairayi. Ya tsaya ya dube shi. Ya kwance igiyar, ya karya reshen sabara ya share sawun har bakin fako.

Da yamma Bara'atu ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka. Ya sa hannu ya ji tsoka. Tun kafin ya kai baki ya san ko naman mene ne. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Ya tauna, ya haɗiye, ya cinye tuwon duka, ya wanke hannu.

Sau biyu bayan wannan ya sake samun zarge, ya sake sharewa. Na huɗun kuwa, Turawa ne suka gani da idonsu. Sun zo da baƙi, sun yini uku suna yawo sun sami bareyi biyu kacal, ran na huɗu mota ta kusa taka wata barewa da igiya a wuya, ta mutu tun jiya, ungulu sun fara ta. Mai jan gashin baki ya sauko, fuskarsa ta yi jawur. Ya yi ta faɗa yana nuna Maccido da bulalar hannunsa.

Yusha'u ya ce, "Ya ce yanzu ya gane abin da ac cinye namun dajin. Ya ce ko dai ka san ɓarawon, ko kai na ɓarawon. In ba ka hwaɗi ba, a tuɓe rigar, a kai ka gaban alƙali yau."

Maccido ya dubi barewar. Ya dubi layin da ke rairayi, wanda wannan karon bai samu ya share ba. Ya tuna rumbun gidansa, da bakunan da ke ci daga albashin nan, har da na gidan Sale. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Kamar an tambaye shi yau wace rana ce.

Ya ce, "Sale na. Ƙanen matata."

Dogarai biyu suka zo washegari da hantsi. Sale yana gyaran danga. Bai musa ba, bai nemi gudu ba, ya dai roƙi a bar shi ya sa riga. Alƙali ya yanke masa wata shida, aka tafi da shi Sakkwato, can aka sa shi cikin masu fasa dutsen hanya.

Bara'atu ba ta yi kuka a gabansa ba. Da ya shigo gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai ma ka ci."

Ya ce, "Na ci."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ranar ta kwaso matar Sale da 'ya'yan ta kawo su gidan, ta ba su ɗakinta. Ba ta yi yaji ba, ba ta daina dafa masa abinci ba, ruwan alwalarsa kullum yana wurin da ta saba ajiyewa. Hirar ce kawai ta ɗauke. Matar da a da sai ya ce ta bari ya yi barci, yanzu sai sannu da zuwa, sai ga abinci. Mutanen tungar ma ba wanda ya zage shi. In ya iso gindin bedi sai a matsa masa wuri, a amsa sallamarsa, maganar da ake yi kuma ta mutu.

Sale ya dawo da farkon damina, ya rame, tafin hannunsa duk ya tsage. Ya shigo gidan ya durƙusa ya gaida Maccido cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya yi godiyar riƙon iyali. Bayan kwana uku ya kwashe su suka koma Gandi, wajen dangin matarsa.

Ba a sake ɗana zarge a Fakon Aduwa ba. Bareyi kuwa suka ci gaba da raguwa kamar yadda suke yi. Garke uku, sannan biyu, sannan wasu 'yan tsiraru da ba su isa a kira su garke ba. Maccido yana fita kullum bayan asuba, ya zagaya tafkin, ya duba sawu a taɓo. Yawanci na shanu ne da jakai. In ya ga na barewa sai ya tsaya kaɗan, ya ga ko nawa ne, ya wuce. A da yakan dawo ya ba Bara'atu labari. Yanzu ba ta tambaya, shi ma bai ga abin faɗa ba.

Zuwan Turawa na ƙarshe, su biyu ne kawai. Mai jan gashin baki ya riga ya koma ƙasarsu. Suka yi kwana biyar, suka harbi zabi da wani dila. Ran tafiya ɗayansu ya ji labarin kan burtu, ya ce yana son ya gani. Maccido ya je gida ya ciro shi daga cikin rufin ɗaki, gara ta ci gefe ɗaya. Ya ɗaura, ya rufa zane, ya rarrafa a kan fako yana sunkuyawa yana ɗagowa, babu komai a gabansa sai motar. Gwiwoyinsa sun yi laushi, tsakuwa ta yanke shi. Suka ɗauki hoto, suka tafa masa, suka tafi.

Daga nan yaƙin Turawa ya tashi, aka ce man mota ya yi wuya. Rani ya zo ya wuce ba wanda ya zo. Albashi ya tsaya. Ba wanda ya aiko ya ce masa aiki ya ƙare, shi kuma bai je ya tambaya ba. Ya ci gaba da sa rigar, wadda ta koɗe ta sha faci, yana zagaya iyakar dajin. Shekara huɗu yana haka. Bara'atu ce ke riƙe da gidan da kaɗi da sayar da ƙuli-ƙuli.

Wata safiya ya ji sarar gatari daga wajen tafki. Ya nufi can ya tarar da mutum kusan ashirin suna sare aduwa, wasu suna tara sabara za su sa wuta. Ya ɗaga sanda ya ce an hana. Wani dattijo a cikinsu ya dube shi da tausayi ya ce, "Ba ka jiya ba? Haya ta ƙare tun bara. Malam Abdulƙadiri ya rasu, ɗiyanai sun ce kowa ka son noma shi zo a yanka mai."

Maccido ya sauke sandar. Ya tsaya yana kallo har wata babbar aduwa ta faɗi. Sannan ya ce, "Wa ka yankawa?"

Aka nuna masa wakilin gidan malaman. Ya je ya gaishe shi, aka yanka masa wuri a gabas da tafki, inda ƙasar ke da ɗan jigawa. Ya koma gida ya tuɓe rigar, Bara'atu ta yayyaga ta ta yi tsumman goge fitila.

Cikin waɗanda suka zo neman gona har da Sale, don ƙasar da ya samu a Gandi ba ta ciyar da shi ba. Wakilin bai san komai tsakaninsu ba, ya ji surukai ne, sai ya yanka masa a jikin ta Maccido. Suka dasa gamba a kan iyaka. Kowace safiya ta damina Sale zai ce, "Ina kwana, Yaya?" Maccido ya ce, "Lahiya lau. Ina gajiya?" Sai kowa ya sunkuya a kan kuyyar gonarsa. Maccido bai iya noma sosai ba, ya fara shi da girma. Kuyyoyinsa a karkace suke. In Sale ya gama nasa da wuri, wani lokaci yakan tsallako ya kama masa layi biyu, ya koma.

A damina ta huɗu, suna maimai da hantsi, Sale ya miƙe tsaye ya ce a hankali, "Yaya. Diba bayanka."

Barewa ce, namiji, tsoho, haƙarƙarinsa a waje. Yana tsaye cikin waken Maccido yana tsinkar ganye. Shekara uku ke nan ba wanda ya ga ko ɗaya a wajen. Ba su san daga inda ya fito ba. Su biyun suka tsaya da fartanya a hannu suna kallonsa, shi ma ya ɗago ya dube su yana tauna.

Sale ya ce, "Shina ci ma wake."

Maccido ya duƙa ya ɗauki hoge ya jefa. Hogen ya fashe a gefensa. Barewan ya yi tsalle ɗaya, ya bi ta cikin geron maƙwabta da ɗan gudu, kara ya rufe shi. Maccido ya je ya duba inda ya ci, ya ga ba wata ɓarna ba ce, ya dawo ya kama kuyyarsa daga inda ya tsaya.

Ya yi shekara goma sha huɗu yana noman wurin. Ran kasuwar Goronyo yakan kai wake da ɗan irin albasa, ya zauna a ƙarshen rumfa. Samarin da suka ji an ce tsohon maharbi ne sukan zo su tambaye shi labarin daji, ya ce musu da akwai namu, yanzu babu, su gaji su tashi. A ƙarshen rayuwarsa gwiwoyin suka riƙe, sai da sanda. Bara'atu takan dafa ganye ta gasa masa su da yamma, wani lokaci ma ta ɗan ba shi labarin abin da aka yi a gidan suna, yana saurare yana gyaɗa kai.

Ya rasu ran wata Talata bayan la'asar, ana saura shekara biyu Turawa su bar ƙasar, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Allah bai ba su ɗa namiji da ya rayu ba, saboda haka Sale ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. An yi ruwa da safe, ƙasar ba ta yi wuyar haƙa ba. Gero yana bununi a lokacin. Sale da 'ya'yansa suka ƙarasa aikin gonar, da kaka suka ɗaure dami ashirin da uku suka kai wa Bara'atu har ƙofar rumbu.